Fitilar babur ba ta ɗaukewa haka kawai

Ɗan'uwa mai karatu, kana da babur? In ba ka da shi, to ɗanka na da shi, ko ƙanenka, ko ɗan kabu-kabun da ke kai iyalinka likita. Yau babu ƙauyen da moto bai shiga ba. Don haka maganar nan taka ce.

Ka san irin fitilar nan mai wasa da mutum. Yanzu ta kama, an jima ta ɗauke. Ka faɗa rami ta mutu, ka faɗa wani ramin ta dawo. Mai babur sai ya kai mata mari da tafin hannu. Ta kama, ya yi dariya, ya ce: «Ai ta san mai ita.» Ya wuce abinsa.

Ni a ganina marin nan ba gyara ba ne. Kuma fitila mai kamawa tana ɗaukewa ta fi matacciya haɗari. Matacciya ka san da ita, ba ka fita da dare. Mai wasa kuwa sai ta bari ka yi nisa, sannan ta bar ka cikin duhu.

A damanar bara wani maƙwabcina ya taso daga kasuwar Tasawa bayan magariba. Fitilarsa ta yi wata 2 tana wannan wasa. Kullum cewa yake sai ran kasuwa mai zuwa. Yana kan kwalta, yana gudu, ta ɗauke. Ashe gabansa akwai amalanken jaki. Ya karye a cinya. Ya yi wata 3 kwance. Hatsinsa ya nuna a gona, sai dangi suka girbe masa. Da aka kai babur ɗin gun makanike, me aka tarar? Noti ɗaya ne ya kwance, ya yi tsatsa. Gyaransa bai kai minti 10 ba.

Mu yi ɗan lissafi tare. In kana gudun kilomita 60 a awa, cikin daƙiƙa 1 kana cin kusan mita 17. In fitila ta ɗauke daƙiƙa 3 kawai, ka yi mita 50 ke nan ido rufe. A hanyoyinmu kuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ko daga Ƙonni zuwa Tawa, me ke cikin mita 50 da dare? Raƙumi, garken awaki, amalanke, rami, ko yarinya mai ɗauke da itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kan hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Mu ke nan.

To, me ke sa fitila wasa? Abin ba sihiri ba ne. Wutar babur tafiya take ta dawo. Tana fitowa daga batir, ko daga bobin da ke cikin inji. Ta bi waya, ta bi makunni, ta shiga ƙwan fitila. Daga nan sai ta koma gida ta wata waya da aka ɗaure da noti a ƙarfen jikin babur. Wannan hanyar komawa ita makanikai ke kira «mas». In hanyar ta yanke ko'ina, a zuwa ko a dawowa, fitila ta mutu. In kuwa ba ta yanke duka ba, ta dai yi sako-sako, sai ta riƙa taɓawa tana saki. Shi ya sa mari ke tada ta. Marin nan da kansa shaida ce: akwai abin da ya kwance.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa waya. Hanyar jar ƙasa tana girgiza noti har ya kwance. Ƙurar hunturu tana shiga makunni. Ruwan damana da ruwan wanki suna kawo tsatsa. Zafin bazara yana busar da robar waya har ta tsage.

Mutane da yawa, da fitila ta fara wasa, sai su ruga su sayi sabon ƙwai. Wani ya sayi sabon batir. Kuɗi sun tafi, ciwo na nan. Ni shawarata, ka fara bincike kafin ka taɓa aljihu. Kuma ka yi shi da rana, a inuwar gidanka, kar ka bari sai dare a daji.

Da farko ka lura: yaushe take ɗaukewa? In sai ka juya kan babur hagu ko dama, ka duba wayoyin da suka bi ta wuya. Nan suke lanƙwasa kullum, har waya ta karye a ciki alhali robarta na nan lafiya. In sai ka faɗa rami, wani abu ya kwance. In tana dushewa duk lokacin da ka taka birki ko ka danna oda, ka zargi batir ko mas.

Na biyu ka tambayi kanka: duka wutar ke ɗaukewa, ko fitila ɗaya? In duka ne, ciwon yana kusa da tushe: kan batir, fis, ko wurin makulli. In ɗaya ce, yana kusa da ita: ƙwai, mazaunin ƙwai, makunninta, ko wayarta.

Sannan ka bi su ɗaya-ɗaya. Kashe makulli. Duba kan batir. In ka ga farin gari ko kore, kwance ka goge, ka ɗaure tam. Wajen kwancewa ka fara da waya mai alamar −, wajen ɗaurewa ita ce ta ƙarshe. Nemo notin mas, kankare tsatsa sai ƙarfe ya yi haske. Ciro ƙwai ka ɗaga shi ga rana. Wani lokaci siririn zaren ciki ya tsinke, amma yana taɓawa in an girgiza shi. Buɗe makunni ka hure ƙura. Bayan haka tada inji, kunna fitila, ka riƙa motsa wayoyi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka taɓa fitila ta ƙifta, ka kama ɓarawo.

Abu ɗaya kar ya ruɗe ka. A ƙananan babura da yawa, fitilar gaba daga inji take shan wuta kai tsaye. In inji na tafiya a hankali sai ta dushe, in ka murɗa mai sai ta yi haske. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi ta.

Amma in ƙwai na ƙonewa kowane sati, wannan wata magana ce. Akwai ɗan akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta, ana ce masa regilatar. In ya lalace, wuta na yin yawa. Nan kam sai makanike mai na'urar awo. Batir mai lafiya, inji a kashe, yana nuna wajen 12,6. Inji na aiki, ya nuna tsakanin 13,5 da 14,5. In ya wuce 15, ko ƙwai 10 ka saya duk ƙonewa za su yi. Ka ce ya auna a gabanka, ka karanta lambar da idonka.

Ga kuma inda karatun da ka koya zai yi maka rana. A jikin ƙwai akwai rubutu, kamar 12V 35W. A jikin fis akwai lamba, kamar 10A ko 15A. A kan batir akwai + da −. Da can mai shago ke miƙo maka abin da ya ga dama. Yanzu kai za ka karanta tsohon, ka ce a ba ka irinsa. Kar ka yarda da mai cewa ka sa ƙwai mai 60W don ya fi haske. Siririyar waya ba ta ɗaukarsa, zafi za ta yi ta narkar da makunni.

Kuma don Allah, in fis ya ƙone, kar ka cusa waya ko takardar kwalin sigari a madadinsa. Fis mai gadi ne. An yi shi don ya mutu, wayoyi su tsira. In ka cire mai gadi, wayoyi ne za su ƙone, ga tankin mai kuwa a samansu. Fis ɗin da ya ƙone sau 2 yana gaya maka wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Nemo ta.

Na san abin da wani zai ce: «Malam, ba kuɗi.» Gaskiya ne, zamani ya yi tsada. Amma goge tsatsa da ɗaure noti ba su cin ko dala. Fis da ƙwai kuwa, haɗa kuɗinsu ka gwada da kuɗin ɗori da na wata 3 ba aiki. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma wanda fitila ta yi wa kashedi wata 2 bai ji ba, sunan abinsa sakaci.

Kar ka manta da jar fitilar baya. Ita ba ka ganinta, don haka ba ka sanin ta mutu. Amma ita ce ke gaya wa direban babbar mota cewa akwai rai a gabansa. Kafin ka fita da dare, sa yaro ya tsaya bayanka. Kunna fitila, taka birki, ya gaya maka abin da ya gani.

In kuwa duk da haka ta ɗauke maka a hanya, kar ka ci gaba da fitilar salula a baki. Sauka daga kwalta, ka tura zuwa gari mafi kusa. Gara ka kwana a masallacin ƙauye da ka kwana a likita.

Gobe da safe, kafin ka tada babur, ba shi minti 10. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.