Kasuwa da Sana'a: Sallama ba ciniki ba ce

Sanin kowa ne cewa a garuruwan ƙasar nan, idan pampo ya ɓaci a gida, ko wayar lantarki ta ƙone, ko rufin ɗaki ya soma yoyo, maigida bai saba neman mai gyara wurin baƙo ba. Maƙwabci yake tambaya, ko abokin aiki a buro, ko mai kantin da ya sayar masa da kayan gini. A Yamai, wanda ya rasa yakan nufi kasuwar Katako, inda kullum akan sami mai cewa ya san wani gwani. Shi kuwa mai sana'a, tallarsa ba ta wuce allo a ƙofar shago da lambar waya da aka rubuta da fenti a jikin katanga ba, sai fa mai ɗan hali da ya riƙa kai sanarwa gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, tun da suka buɗe a shekarun 1990.

A yau wata ƙofa ta ƙaru. Mai gyaran pampo, da mai haɗa wuta, da magini, da mai fenti, da mai gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki, da mai ɗora farantan sola, kowa yana iya biyan kuɗi a nuna aikinsa cikin salular mutanen garinsu, a Facebook ko Instagram, tare da maɓallin da zai kai mai bukata kai tsaye ga lambarsa ta WhatsApp. Akwai kuma matasan da suka mai da shirya irin wannan talla sana'a, suna bin shaguna da alkawarin kawo masu ciniki. Tun da kuɗin guminsa ne mai sana'a zai zuba, ya kamata ya san abin da yake saye. Domin kuwa abin da talla ke kawowa sallama ce kawai a bakin ƙofa, sallama kuwa ba ciniki ba ce.

Da farko dai, ga yadda abin yake tafiya. Kamfanin Facebook, wanda ya koma amsa sunan Meta a 2021, ya buɗe tsarin tallarsa a 2007, ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014. Shi ya sa talla ɗaya take iya fitowa a wannan, ta kai mutum ga wancan. Babu tsayayyen farashi irin na sanarwar rediyo. Gwanjo ake yi. Duk lokacin da mutum ya buɗe salularsa, na'ura tana auna tallace-tallacen da ke neman idonsa, ta dubi kuɗin da kowa ya taya, da yiwuwar mutumin ya amsa, da ingancin tallar ita kanta, sannan ta zaɓi wadda za ta nuna masa. Ke nan wanda ya fi kuɗi ba lalle ne ya ci ba, kuma farashin yau ba shi ne na gobe ba. Biya kuwa galibi da katin banki ne, cikin kuɗin waje. A nan akwai abin lura ga wanda ya saba lissafi da dalar kasuwa mai tamma 5: dalar da ke rubuce cikin salula ta Amurka ce, kowace guda ɗarurruwan sefa ce. Yuro kuma yana kan sefa 656 in an cike, ban da ladan da banki ke ɗauka.

Abu na biyu, ita wannan na'ura umarni take bi, ba ta san fatan da ke zuciyar mai talla ba. Idan aka ce mata a nemo masu yaba hoto, za ta nemo mutanen da suka saba danna alamar yabo ga duk abin da ya gitta, ta kuwa tara su da araha. Sai mai shago ya ga ɗarurruwan yabo ya yi murna, alhali kuwa ko mutum ɗaya bai kira ba. Yabo ba ya sayen buhun siminti. Abin da ya dace a umarce ta shi ne a nemo masu aiko saƙo, ko masu kira, ko masu barin suna da lamba. Tun 2015 kamfanin ya fito da wata ƴar takardar cikewa da ke buɗewa cikin tallar, inda mai bukata zai bar sunansa da lambarsa. Wannan ta dace da ma'aikacin buro mai karanta Faransanci. Amma ga yawancin jama'a, waɗanda suka fi sabawa da saƙon murya, maɓallin WhatsApp ya fi sauƙi, haka kuma ɗan gajeren bidiyo da mai sana'a yake bayani da bakinsa, da Hausa ko Zabarmanci, ya fi dogon rubutu tasiri.

Abu na uku shi ne iyakar wuri. Mai sayar da atamfa yana iya saka kaya a mota daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, amma mai gyaran pampo da ƙafarsa yake zuwa, ko da babur ɗinsa. Tsarin yana ba da damar a zaɓi gari, ko a ja da'ira ta ƴan kilomitoci kewaye da shago, wanda bai yi haka ba kuwa zai biya kuɗin idon mutanen da ba zai taɓa taka ƙofarsu ba. Mazauna bakin iyaka su suka fi bukatar kiyaye wannan. Da'ira mai faɗi da aka ja a Birnin Konni tana iya faɗawa cikin Illela, kuma tallar Hausa da aka sake ba linzami tana iya kawo saƙonni daga Katsina da Kano, ga mai aikin da iyakarsa unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo.

To, ko an kiyaye duk waɗannan, sauran lissafi, shi ne kuwa uban tafiyar. A ɗauki misali. A ce mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Damagaram ya kashe jika 20 cikin kwana 10, saƙonni 40 suka shigo. Kowane saƙo ya tsaya masa sefa 500 ke nan, a ido kuwa araha ce. Amma cikin 40 ɗin, wasu gaisuwa kawai suka yi, wasu farashi suka tambaya suka ɓace, wasu aiki suke nema a ɗauke su, wasu kuma ba a garin suke ba. A ce 12 ne masu bukata ta gaskiya, aka je gidajensu aka duba, aka daidaita da 5. Ashe kowane aiki jika 4 ya ci, kafin a sa kuɗin man babur na zuwa gidaje 7 da ba a daidaita ba. Idan ribar aiki guda jika 15 ce, talla ta biya kanta har da saura. Idan kuwa ƙaramin gyara ne mai ribar jika 3, to mai shago yana ta kai da kawowa, salula tana ta ƙara, uwar kuɗi tana zagwanyewa bai sani ba. Saboda haka ba kowane aiki ne ya cancanci talla ta kuɗi ba. Ɗora sola, da rufin gida, da fentin gida ɗungum, da jan wayar sabon gini, su ne ke iya ɗaukar nauyinta. Ƙananan gyare-gyare sai in ana sa ran mai gidan zai zama na kullum.

Wannan lissafi ba ya bukatar kwamfuta. Littafi guda ya isa: ranar da saƙo ya shigo, da unguwa, da irin aikin, da ko an je, da ko an daidaita, da abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da na yara. Wanda ya ba wani matashi aikin shirya masa talla, da wannan littafi zai auna shi, ba da yawan waɗanda aka ce sun gani ba. Ya kuma tabbata shafin da sunansa aka buɗe shi, lambar sirri tana hannunsa, kuma an bambanta masa kuɗin da ya tafi ga kamfanin da ladan mai shiryawa. In ba haka ba, ranar da aka ɓata, shafi da jama'ar da aka tara duk su tafi tare.

Kada a zaci wannan tsantseni na ƙananan kasuwanni ne kawai. A Amurka, inda sayar wa masu aikin gida lambobin masu bukata ya zama babbar sana'a, hukumar tarayya mai kula da harkar ciniki, FTC, ta umarci kamfanin HomeAdvisor a 2023 ya biya kuɗin da zai iya kai dalar Amurka miliyan 7.2. Zargin da ta yi masa shi ne ya sayar wa masu sana'a lambobin da ba su dace da irin aikinsu ko yankinsu ba, ya kuma zuzuta yawan waɗanda ke zama ciniki. Idan haka ta faru inda ake da takarda da lauya, to gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai kuma lokaci. Talla tana da kaka kamar yadda gero ke da tasa. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da bazara ta tsananta, firigo da fanka da na'urar sanyaya ɗaki suke gajiya, a lokacin ne kuma ɗaukewar wuta take tuna wa magidanta da sola, musamman waɗanda suka sha duhun watannin da suka biyo bayan yanke wutar Najeriya a Agustan 2023. Gab da faɗuwar damina ake neman mai yaɓe da mai gyaran kwano da indararo. Gab da Salla da bukukuwan aure ake neman mai fenti. Ƙarshen wata kuma, in albashi ya sauka, ma'aikaci ya fi ƙarfin faɗa wa mai gyara ya zo. Haka nan saurin amsa. Wanda ruwa ke malala a tsakar gidansa ba zai jira gobe ba; mutum uku zai aika wa saƙo, wanda ya fara amsawa shi ke da aikin. Mai sana'ar da ke bisa tsani yini guda, ya kamata ya ajiye mai riƙe masa waya, ko kuma ya tsayar da tallar har ya sauko. Biyan kuɗi a kira mutum sannan a ƙi ɗauka, zuba ruwa ne a rariya.

Amma babban al'amari cikin wannan sana'a shi ne amana. Mai gyara ba a bakin titi yake tsayawa ba. Cikin gida yake shiga, har ɗakin kwana da makewayi, sau da yawa maigida yana buro ko kasuwa, iyali kaɗai ke nan. A da, maƙwabcin da ya nuna shi, shi ne jingina: in aka sami ɓarna an san inda za a kai kuka. Talla ba ta tsaya wa kowa. Saboda haka wanda ke so a buɗe masa ƙofa, sai ya maye gurbin maƙwabci da hujja: fuskarsa, da ƙofar shagonsa, da unguwar da yake, da aikin da hannunsa ya yi. Hotunan gidajen wasu ƙasashe da aka kwaso daga intanet ba su kai mutum ko'ina ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma ya ɗauki hoton cikin gidan mutane ya watsa ba da izininsu ba, ko ya miƙa wa wani lambobin da aka ba shi amana. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai lura da ita.

Shi ma maigida yana da nasa aikin. Kafin ya kira wanda ya gani a talla, ya dubi ranar da aka buɗe shafin, domin Facebook yana nuna ta ga mai dubawa. Ya tambayi inda shago yake, ya je ko ya aiki yaro. Ya nemi a rubuta masa ƙiyasin kuɗin kaya dabam, na aiki dabam. Kada ya aika kafin alƙalami ta kamfanonin aika kuɗi ga mutumin da bai taɓa ganin idonsa ba, domin ba a cinikin biri a sama. Ranar aikin farko kuma, ya kasance yana gida, ko ya bar namiji babba.

Idan aka yi aiki mai kyau, aka cika alkawari, aka share wuri kafin a tafi, to mutumin da talla ta kawo shi ne gobe zai zama maƙwabcin da ake tambaya, ya faɗa wa ƴan'uwa da abokan aiki ba tare da an biya ko tamma ba. A nan ne jika 4 ɗin nan take haihuwa. Idan kuwa aka ɓata aiki, salular da ta kawo shi ita ce za ta kai labarin unguwa-unguwa, shi ma kyauta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah ya sa wa nema albarka, ya haɗa kowa da rabonsa na halal. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.