Hajar Rashin Kunya Ba Ta Ƙarko

Ya 'yan'uwa, masu tara taurari maza da mata a gida ɗaya, suna nuna wa duniya barcinsu da faɗansu a talabijin, suna so mu yarda cewa wannan ci gaba ne da ba mai iya tarewa. To, tarihinsu da kansa ya ƙaryata su.

A shekarar 2004 tashar MBC ta buɗe irin wannan gida a Bahrain, jama'a suka fito zanga-zanga, ba a cika mako biyu ba aka rufe shi. A Ingila, a 2007, an wulaƙanta 'yar wasan Indiya Shilpa Shetty a cikin Celebrity Big Brother, sai kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirin ya janye kuɗinsa. Big Brother Nigeria na 2006 kuwa kwantawa ya yi, bai sake tashi ba sai 2017.

Dalili a fili yake. Hajarsu tonon asiri ce, kuma kamar rake take: in an tsotse zaƙin sai a tofar. Dole gobe su ƙaro abin kunya, har mai kallo ya ƙosa, mai talla ya gudu.

Saboda haka numfashinsu a idanunmu yake. Muna kira ga iyaye da masu gidajen kallo na Paki, Ikara, Maƙarfi da Kudan: ku hana su ido, za su mutu da kansu. Allah Ya kare mana zuriyarmu, amin.