Labarin Ƙasashe: Kwana a bakin rafi cikin kurmin Tayi

Masu zuwa cin rani Kot-Dibuwar sun san Abijan da gonakin koko. Kaɗan ne suka san kurmin Tayi, can yamma, kusa da iyakar Laberiya. Gwamnatin ƙasar ta killace shi a 1972, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1982. Ruwan sama na kai milimet 2000 a shekara, wajen ninki huɗu na abin da Maraɗi ke samu.

Baƙi na kwana a sansani kusa da kogin Hana, tare da masu tsaron daji. Ba a kafa tanti daf da rafi. Ruwa na iya zuba nesa cikin dare, rafin da aka ƙetare ɗazu ya tumbatsa kafin asuba. A kwana kan tudu, cikin sange, saboda sauro. Ruwan sha sai an tafasa. In kwarkwasa ta biyo ta sansani, ba a gardama da ita, tashi ake yi.

Ladan wahalar shi ne ganin biran shampanze suna fasa ƙwallon itace da dutse, ko sawun ƙaramar dorina a cikin taɓo.

Abu guda ne ba wasa: mushe. A 1994 wata mai bincike ta feɗe gawar shampanze a kurmin nan, ta kamu da wani nau'in cutar Ebola. An kai ta Suwis, ta warke. Wanda ya ga mushen biri kar ya taɓa, ya shaida wa masu tsaro.