Minsharin nan da muke yi wa dariya

A ƙasar nan in mutum ya rasu cikin barci, abin da za ka ji a wajen ta'aziyya shi ne: "Lafiya lau ya kwanta, da asuba aka tashe shi bai motsa ba." Mu ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, Allah ya jiƙan magabatanmu. Amma wani lokacin da za a zauna da matarsa bayan an share makoki, za ta ce shekara da shekaru tana jin numfashinsa yana tsayawa cikin dare, tana zungurarsa don ya ja iska. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Shi kansa likitan da ke rubuta masa maganin hawan jini bai ji wannan labarin ba, don ba da ita ake shiga ɗakin ba.

Ba kowane minshari ne ciwo ba, kar wani ya tayar da hankalinsa a banza. Wanda nake magana a kai shi ne wanda naman maƙogwaro ke saki in barci ya yi nauyi, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi, ya yi gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci. Shi bai ma san ya farka ba. A asibiti za ka ji suna ce masa afniya. Wani binciken da aka buga a mujallar Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. An san yana tafiya da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Mu kuma a majalisa abin tsokana ne: "Alhaji janareta ne, maƙwabta ba sa barci."

Ni na yi gwajin, shi ya sa nake da bakin magana. Kwana ɗaya ne a asibiti. Na isa bayan sallar isha'i, ma'aikacin ya auna kaina da tef, ya dinga manna ƙananan wayoyi da wani abu mai danƙo kamar kamu: a fatar kai, gefen idanu, haɓa, ƙirji, ƙwauri. Bel ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, siririn tiyo a ƙofar hanci, da wani abu mai jan haske a ɗan yatsa da ke auna iskar jini. Ba allura, ba zafi. Ga kyamara a sama, shi kuma yana wani ɗaki yana kallon kwamfuta har gari ya waye. Na ce masa, "Malam, wa zai iya barci da wannan kayan?" Ya yi dariya ya ce kowa haka yake faɗa. Wallahi ban san lokacin da na tafi ba. Wanda zai je, ya yi alwalarsa da sallarsa kafin a fara manna wayoyin, kar ya shafa mai a kai, ya kuma haƙura da goro da shayi da kofi tun daga rana. Mata masu kitso su tambaya tun da wuri yadda za a yi.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ana ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a kowace awa ta barci. Ƙasa da 5 lafiya ne, 5 zuwa 14 kaɗan ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama ya yi tsanani. Nawa 23 ya fito. Wato kusan duk bayan minti biyu da rabi sai an shaƙe ni, dare guda cur, ni kuma ina ɗora gajiyar safiya a kan aiki da zafin gari.

To abin da ya fi damuna ba ni ba ne, direbobinmu ne. Duk lokacin da tirela ko tankar mai ko motar haya ta dare ta kife, abin da ake faɗa shi ne gudu, ko fashewar taya, ko lalacewar hanya. Duk gaskiya ne. Amma ku je tashar manyan motoci ku kalli direban da ya shekara 20 a zaune kan sitiyari daga Kano zuwa Legas: tumbi, kaurin wuya, jan ido, goro a baki, kwalbar lemon ƙarin kuzari a gefe. Irin wannan ko ya kwanta awa 8 bai yi barci ba. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 a kan gudun kilomita 100 a awa, motar ta ci sama da mita 80 ba mai tuƙi. Tarayyar Turai tun 2014 ta sa wannan ciwon cikin sharuɗɗan lasisin tuƙi, kuma ba korar mutum ake yi ba, in yana kan magani kuma likita ya tabbatar, yana ci gaba da tuƙinsa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma kuna da gaskiya: a nan duk sabon sharaɗi sabuwar ƙofar karɓar na goro ce, direban da ya san za a taɓa masa lasisi kuwa ƙarya zai yi. Shi ya sa ban ce a fara da tilastawar hukumar kiyaye haɗurra ba. Ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da masu motoci na NARTO su ne suka fi asara in mota ta kife, su ya kamata su fara. Akwai wata takardar tambayoyi 8 da likitoci a Toronto suka fitar a 2008: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko an taɓa ganin numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya, da ko kai namiji ne. Tef ɗin tela da abin awon jini sun isa a tace waɗanda ke buƙatar gwaji. Wannan ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi.

Gwajin kansa dai da tsada, ba ɓoye-ɓoye. Abin da na biya ya wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. Amma akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya kwana da ita a gida, ta auna numfashi da iskar jini, ya mayar da safe. Ba ta kai ta asibiti bayani ba, amma ga yawancin masu wannan matsalar ta wadatar. Manyan asibitocinmu za su iya ajiye guda 10 suna bayarwa aro. Tunda dokar 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce, hukumar NHIA ta auna kuɗin gwajin dare ɗaya da kuɗin jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ta ga wanne ya fi arha.

Ga 'yan uwa mata: in maigida ya ce sharri kike masa, ɗauki waya ki naɗi minti 5 yana barci, a nuna wa likita. Kuma ba maza kaɗai ba ne, mata ma na samu, musamman bayan daina al'ada, siraran mutane ma haka, har yaran da ke kwana baki buɗe. Don Allah kar a kai wa wanzami ya cire beli, toshewar ba a nan kaɗai take ba. Kar kuma a haɗa shi da dannau, wancan daban ne. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Magani ya danganta da tsanani. Wani rage ƙiba da kwanciya a gefe maimakon rigingine sun taimaka masa, da barin ƙwayar sa barci. Wanda nasa ya yi yawa sai na'urar CPAP, wadda wani likitan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take hurawa a hankali ta hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ba ta cin wuta sosai, matsalar ita ce tana son wutar da ba ta ɗaukewa har asuba, don haka a lissafa da batir ko sola tun kafin a saya. Wanda kuma zai sayi ta hannu ya bincika sosai, domin a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke cikinsu yana marmashewa, kuma mun san inda kayan da aka ƙi a Turai da Amurka ke ƙarewa. A duba lambar samfurin, a sayi sabon abin rufe hanci da sabon tiyo, a kai wa likita ya saita ƙarfin iskar daidai da sakamakon gwajin.