Wa Ya Ce Mutanen Gwallaga Ba Su da Ido?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu 'yan bokonmu, har an fara ɗaukarta tamkar karatu. Wai baje kolin zane-zane da hotuna harka ce ta Legas da Abuja, wai mutumin Bauchi ba zai bar sana'arsa ya je ya tsaya gaban bango yana kallon abin da ba ci ba sha ba. Mu kam ba mu yarda ba. Hasali ma muna ganin masu wannan magana lalacinsu suke lulluɓewa da sunan jama'a.

Bari mu tambaye su: a ina suka taɓa gwadawa? Abin da aka saba kira baje koli a garuruwanmu ai sananne ne. A kama ɗakin taro a otal, a jira babban baƙo har la'asar sakaliya, a sha jawabai da Ingilishi, a yanke ƙyalle, a raba lemo, washegari a kwashe kaya. Mai ɗinkin hula na Gwallaga ba a aika masa da goron gayyata ba, in ma ya yi ƙarfin hali ya je, maigadi zai tare shi da tambayar wurin wa ya zo. Sa'an nan a koma gefe a ce ba ya sha'awa!

Tarihin ƙasar nan ma ya ƙaryata su. Zanen da ke jikin duwatsun Geji da na Shira ya riga ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye Bauchi da ita a farkon ƙarni na 19. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, mai bakan gizon nan da ke sa baƙo ɗaga kai, aikin Muhammadu Durugu ne, wato Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihi na ƙasa.

Amma mu bar duwatsu da gidajen sarauta, mu shiga cikin gida. Mene ne jeren ɗakin amarya in ba baje koli ba? Mata su yini suna ɗora kwano kan kwano, suna daidaita launi da launi, a ja baya a duba, a sauke a sake. In an gama, unguwa ta ɗauko mayafi ta zo kallo, kuma ba kallon shiru ba. Za ka ji ana cewa wannan ɓangaren ya yi nauyi, wancan ya yi fayau, hannun wance ne wannan, ba a ɓoye yake ba. Ga masu tsarawa, ga 'yan kallo, ga masu sharhi, ba tare da an jira kwamishina ba. Haka mai sayen riga yake juya aska takwas yana ƙirga zare, haka ake miƙa allon zayyana hannu zuwa hannu ranar saukar karatu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

To, sai su ce wannan tsohon yayi ne, su sabuwar fasaha suke nufi, ta gwaji da sauti da hoton bidiyo. Madalla. Jama'ar da ta cika filaye don kallon majigi tun zamanin Turawa, wadda Adamu Halilu ya mayar mata da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, wadda ta karɓi Turmin Danya a 1990 har aka samu masana'anta sukutum, ita ce na'ura za ta tsorata? Emeka Ogboh ba wani abu ya yi ba illa ɗaukar hayaniyar Legas, ihun kwandastan danfo da kiran 'yan talla, ya tsara ta, kuma wannan hanya ce ta kai shi manyan bukukuwan fasaha na Italiya a 2015 da Jamus a 2017. Shin Gwallaga ba ta da murya ne? Kiran assalatu daga masallatai yana amsa juna, cincirindon Juma'a, tashen yara cikin azumi, gudumar maƙeri, da Hausar Bauchi kanta da irin nata lanƙwasa harshen. Luguden daka kuwa injin niƙa ya kusa binne shi, kuma ranar da tsohuwa ta ƙarshe da ta iya shi ta ajiye taɓarya, shi ke nan, ba kundin digirin da zai dawo da amonsa. Alhali kuwa na'urar ɗaukarsa tana aljihun kusan kowane ɗalibi.

Masu fakewa da addini kuma, mun san malamai sun yi bayani kan surar abu mai rai, ba kuwa za mu yi musu shisshigi ba. Sai dai zayyana ba ta da fuska, dagi ba shi da fuska, sauti kuwa ko inuwa ba shi da ita.

Abin da muke nema bai kai kuɗin lemon taro guda ba. A nemi izinin mai unguwa, a ari aji biyu a makarantar firamare lokacin hutu, a samo batir da lasifika da farin ƙyalle. A rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, boko da ajami. A ware wa mata yammaci, maza bayan isha'i. A ajiye aikin ɗalibi kusa da na mai ɗinkin hula da na mai jere, kowa da sunansa a jiki, in an sayar kuɗin ya shiga hannunsa. A bar ƙofa buɗe mako biyu cur, ba babban baƙo, ba jawabi. In an yi haka aji ya zauna wayam, su zo mu ba su gaskiya a shafin nan baɗi.