Tsuntsun daji ya daina gudun mutane: sabo ne ko ciwo?

Duk shekara idan hunturu ya kankama, akwai tambayar da ke yawan tasowa a majalisun manoma daga Jahun zuwa Aujara da Harbo har Kiyawa da Dutse. Wani zai ce ya tarar da kurciya a bakin rijiya, ya matsa kusa ba ta tashi ba. Wani kuma yaransa ne suka dawo daga fadama da agwagwar ruwa a hannu, ba danƙo ba tarko, hannu kawai suka sa suka ɗauka. Wasu na ɗaukar abin a matsayin rabo, wasu kuma su ce alamar alheri ce. To amma ruwa ba ya tsami banza. Tsuntsun da Allah ya halitta da tsoron mutum, idan ya tsaya har aka kama shi, akwai dalili, kuma mai kaji da zabi a gida ya kamata ya san dalilin kafin ya bari a shigo masa da shi.

Waɗanda dama sun saba da mu

Da farko mu ware tsuntsayen da zama kusa da mutane ɗabi'arsu ce. Baiwar Allah tana shiga har cikin ɗaki ta tsinci tsaki. Gwara tana sheƙa a rufin gida. Balbela tana bin garma da shanu saboda ƙwarin da suke tayarwa. Shamuwa kuwa da ta sauka a farkon damina, a bishiyoyin tsakiyar gari take sheƙa, tunda ta san ba mai taɓa ta. Haka nan idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, kurciya da hasbiya sukan rage tsoro su zo wurin kaskon ruwan kaji ko masussuka.

Duk waɗannan ba abin damuwa ba ne, kuma gane su ba wuya. Tsuntsu mai lafiya, komai sabonsa, idonsa a buɗe yake, gashinsa a kwance, yana kallon motsinka. Ka miƙa hannu, ya tashi. Akwai kuma ɗan tsuntsu da ya fara koyon tashi ya sauko ƙasa; sau da yawa iyayensa na kusa suna ciyar da shi, a bar shi inda yake, a kori kyanwa kawai.

Wanda ya kamata a yi hattara da shi

Wanda ake magana a kai shi ne wanda ya tsaya cak, gashi a tashe, ido a lumshe ko yana ruwa, fukafukai a sake. Wani yana tangaɗi, wani wuyansa ya murɗe, wani yana zagaye wuri ɗaya ko yana numfashi baki a buɗe. Wannan ba sabo ba ne, ƙarfin gudu ne ya ƙare masa. A yankinmu abubuwa uku ne suka fi jawo haka.

Na farko, murar tsuntsaye. Nau'inta mai tsanani, H5N1, yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi ya sa tsuntsun ke rikicewa ya kasa gane hatsari. Na biyu, cutar Niyukasul, wato annobar nan da ke share kajin gida kusan duk hunturu. Tana kama tattabaru da kurciyoyi, kuma alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye ƙwarai, har likitan dabbobi ma ba ya iya rarrabe su da ido sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Na uku, guba: tsuntsun da ya ci irin shuka da aka gauraya da magani, ko ya sha ruwan da aka wanke injin feshi a ciki, ko feshin jan baki ya same shi bai mutu nan take ba.

Me ya sa maganar ta shafi Jahun

Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a arewa. Karon farko da aka tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka gaba ɗaya, a wata gonar kaji ce a Jaji, jihar Kaduna, ranar 8 ga Fabrairu, 2006. Cikin 'yan makonni ta bayyana a Kano da Filato da wasu jihohi, kafin ƙarshen watan kuma aka same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta da nisa da iyakarmu ta wajen Babura. Ta sake dawowa a Janairun 2015, aka fara ganinta a Kano da Legas, sannan ta kuma dawowa a farkon 2021. A farkon 2025 ma gwamnatin Kano ta tabbatar da ɓullarta a ƙaramar hukumar Gwale, a gidan wani mai kiwo da ya sayo agwagwa daga kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayensa. Cikin guda 50, 35 suka mutu. Ku lura da watannin. Duk a tsakiyar sanyi ne, domin ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai a ruwa mai sanyi da kashin tsuntsu mai danshi.

Mu kuma ga inda muke zaune. Kogin Haɗeja ya ratso ta Ringim da Taura ya nufi Auyo da Haɗeja, ya ƙare a dausayin Haɗeja da Nguru, inda Baturiya da Dagona suke. Wannan dausayi masauki ne na agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da Asiya, su iso wajen Oktoba da Nuwamba, su juya wajen Maris da Afrilu. Suna cuɗanya da namu na gida irin su kirinjijiya da dinya, waɗanda ke yawo tsakanin tafkuna da gonakin shinkafa. Agwagwar daji tana iya ɗauke da ƙwayar cutar ba ta nuna alamar komai, ta bar ta a ruwa ta hanyar kashinta. Agwagwar gida ta je wannan tafkin da safe, ta dawo da yamma ta kwana da kaji. Hanyar ke nan. A Janairun 2021, a dausayin Juj da ke ƙasar Senegal, tsuntsayen ruwa kusan 750 aka tsinta a mace saboda wannan cuta, abin da ya nuna tana bin hanyar ƙaurar tsuntsaye har Afirka ta Yamma.

Amma fa kada a ɗora wa tsuntsun daji laifin duka. Shi yana iya kawo cutar bakin tafki, amma abin da ke kai ta gari gari shi ne kasuwa: kejin dillali, kwalin ƙwai, tayar babur, takalmin mai sayen taki, da kazar da aka saya da araha a Gujungu ko Shuwarin ba a san daga gidan da ta fito ba. Labarin Gwale ma ai daga kasuwa ya fara.

Hatsarin ga mutum da ga dukiya

Ga lafiyar mutum, gaskiyar magana kamuwa da murar tsuntsaye ba ta da yawa, kuma ba ta saurin bi daga mutum zuwa mutum. Gwara ta sauka kusa da kai ko balbela ta bi ka a gona, wannan ba zai sa maka ciwo ba. Waɗanda suka kamu a duniya, galibinsu masu yanka ne da fige da gyaran tsuntsu mara lafiya, ko masu share akurki. Sai dai idan ta kama mutum tana iya yin tsanani. A Najeriya wata mata 'yar shekara 22 ta rasu da ita a Legas a Janairun 2007. A gidajenmu kuwa, wa ke kamo tsuntsun? Yara. Wa ke figewa da gyarawa? Mata. Su ne a gaba wurin hatsarin.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. Da an ga kaza ko tsuntsu na shirin mutuwa, sai a ce a kawo wuƙa maza kada ya zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Dahuwa sosai, har ya zama babu sauran ja a naman, tana kashe ta, to amma kafin a kai ga tukunya an riga an taɓa jini da gashi da kayan ciki, an kuma watsa ruwan wankin a tsakar gida inda kaji ke kiwo.

Guba kuwa ta fi wannan muni ta wani ɓangaren, domin ba a dogara da wuta ta kawar da ita. Maganin da aka fi amfani da shi wajen feshin jan baki ta jirgin sama, fentiyon, dangin magungunan ƙwari ne masu taɓa jijiyoyi. Jan baki na kwana a cikin kacalla, a can ake fesa su, kuma feshin ba ya zaɓe. Duk tsuntsun da ke wurin yana samu. Washegari za a ga tsuntsaye a ƙasa suna layi, sai yara su cika buhu, wasu har a soya a kai kasuwa. Wanda ya ci irin wannan, idan ya fara amai, yawu na zuba, gumi na karyo masa, numfashi na yi masa wuya, asibiti za a nufa da shi nan take, a kuma gaya wa ma'aikata abin da ya ci. Ba maganar manja ko madara ba ce.

Ga dukiya kuwa, lissafin a fili yake. Naman kurciya ɗaya bai kai lomar mutum biyu ba. Kaji goma sha biyar da zabi goma na uwargida kuwa, su ne kuɗin makaranta da na magani da kayan sallah. Murar tsuntsaye mai tsanani tana iya share su cikin kwana biyu zuwa uku, ta tsallaka gidan maƙwabci.

Inda gizo ke saƙa: ɓoyewa

Tsarin Najeriya a kan wannan cuta shi ne a kai rahoto, a gwada a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, idan ta tabbata a kashe tsuntsayen wurin a binne, a yi feshi. A 2006 diyyar da gwamnatin tarayya ta fara sanarwa naira 250 ce kan kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, kuma tun daga lokacin masu kiwo ke kukan jinkirin biya. Sakamakon haka kowa ya san shi: mutum ya ga kaji biyu sun faɗi, sai ya kwashe sauran ya kai kasuwa kafin gari ya waye. Shi ya rage asara, amma ya raba cutar ga gidaje ashirin.

Mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, ƙungiya ce za ta iya. Ƙungiyar manoma ko ta mata masu kiwo tana iya ware ɗan asusu, irin na adashi, don tallafa wa wanda ya kai rahoto da wuri. Tana iya naɗa mutum ɗaya mai riƙe da lambar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma da ta malamin gona na JARDA. Tana iya haɗa kuɗi a sayo rigakafin Niyukasul a yi wa kajin unguwa gaba ɗaya kafin sanyi ya shigo. Akwai nau'in I-2 da ake yi a Vom, mai jure zafi, ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Wannan rigakafin ba ya hana murar tsuntsaye, amma yana da amfani biyu: ya tsare kaji daga cutar da ta fi kashe su, sannan idan kajin da aka yi wa suka fara mutuwa da yawa, an san akwai dalilin kiran likita da gaggawa. Kuma ƙungiya ce ke da bakin da za ta nemi hukuma ta riƙa sanar da ranar feshin jan baki da wurin da za a yi, ta rediyo da masallatai da masu unguwanni.

Abin yi idan an gani

Idan tsuntsu ɗaya ne mara lafiya, kada a ɗauka, kada a bar yara su yi wasa da shi, a kuma killace kaji daga wurin. Idan ya mutu, a sa leda a hannu ko a yi amfani da shebur, a binne shi da zurfi yadda kare ba zai tono ba, nesa da rijiya. Kada a jefa a tafki ko bola, kada a ba kyanwa ko kare, domin kyanwa ma tana kamuwa. A wanke hannu da sabulu, a wanke shebur da takalmi da ruwan bilic.

Idan kuwa an ga da yawa a wuri ɗaya, musamman tsuntsayen ruwa ko hankaki da shirwa masu cin mushe, ko kajin gida suka fara faɗuwa ba zato, kai ya kumbura, tukku ya yi baƙi, to a bar su yadda suke a kira malamin dabbobi, a sanar da mai unguwa. Daga wannan lokacin kada kaza ko ƙwai ko taki ya fita daga gidan. Wanda ya taɓa su ya lura da jikinsa na kwana 10. In zazzaɓi ko tari ko jan ido ya zo, ya je asibiti ya faɗi cewa ya taɓa tsuntsu mara lafiya. Lambar hukumar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Sauran kuwa aikin yau da kullum ne har sanyi ya wuce. A sa abinci da ruwan kaji a ƙarƙashin rufi inda tsuntsun waje ba zai yi kashi a ciki ba, ruwan kuma na rijiya ko burtsatse, ba na tafki ba. A raba makwancin agwagi da na kaji. Duk abin da aka sayo daga kasuwa, ko aka kai bai saidu ba aka dawo da shi, a keɓe shi mako biyu zuwa uku. Irin shuka mai magani a rufe shi da ƙasa sosai, ragowar kuma kada a zubar a fili.

Kada kuma tsoro ya sa a shiga kashe tsuntsayen daji ko rushe sheƙunansu. Hakan ba ya tsayar da cutar, sai ma ya tarwatsa su zuwa wasu tafkunan, ga asarar masu cinye mana fara da tsutsa da ɓeraye. Baiwar Allah ta ci gaba da shigowa ɗaki, shamuwa ta sauka a inda ta saba. Wanda ya tsaya har aka kai masa hannu bai motsa ba, shi ne ba na ɗauka ba, kuma wannan ne ya kamata kowane yaro a gidan mai kiwo ya sani kafin ya tafi fadama. Allah ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu.