Haƙurin Damo da Masu Cin Kasuwarsa

Shekara da shekaru ina koyar da kirarin dabbobi, kuma duk lokacin da muka iso kan damo nakan gaya wa ɗalibai cewa Bahaushe bai naɗa shi sarkin haƙuri don wasa ba. Sai da ya lura da shi. Dabba ce da ba ta da kuka irin na akuya ko haushi irin na kare. A kama ta, a ɗaure, iyakarta ta kumbura, ta yi huci, ta kaɗa wutsiya, sannan ta yi tsit. To, wannan shirun ne 'yan kasuwa suka mayar haja, kuma a kansa ne na ɗauki alƙalami.

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa damon nan da yara ke tonowa a bayan gari, a Amurka da Turai dabbar ado ce, ana ajiye ta a ɗaki cikin akwatin gilashi. Daga Gana da Togo da Jamhuriyar Binin ake fitar da mafi yawansu, dubun-dubata a cikin shekaru. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta yarda da cinikin muddin akwai takardar izini. Amma ya kamata a san yadda ake samun 'ya'yan da ake lodawa a jirgi. Mafarauta ne ke tono matan da ke ɗauke da ƙwai daga ramukansu, a tsare su har su nasa, a ƙyanƙyashe, sannan a rubuta a takarda cewa kiwon gona ne. Wane irin kiwo ne wannan da uwarsa ke daji?

Can kuma a kanti sai a ce wa mai saye ga ƙadangare mai arha, mai sanyin hali, wanda ya dace da mai koyo. A nan ƙaryar take. Damo a dajinsa ƙwari yake ci: fara, gyare, ƙadandoniya, kunama, da katantanwa. Binciken da Daniel Bennett, wani masani Bature, ya yi a Gana ya tabbatar da haka. Da damina yake ci ya ƙoshi, idan rani ya yi sai ya shige rami ya yi watanni kusan ba ya sa komai a baka. Sai ga shi a akwati ana jefa masa ɓeraye mako-mako, rani da damina, ba shi da filin da zai taka. Kitse ya taru a cikinsa, ya lulluɓe hanta, har ya kasa ɗaga ciki daga ƙasa. Mai shi kuwa sai murna yake, wai dabbarsa ta yi ƙiba, ta saba da shi, ba ta gudu. Ina za ta gudu alhali ba ta iya tashi?

Sai maganar rana, wadda ita ce ta fi ba ni haushi domin saninta ba ya bukatar digiri. Ƙadangare ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Shi ya sa muke ganin jan gwada kwance a kan katanga da hantsi. Ba hutu yake ba, aiki yake: da zafin nan yake narkar da abinci, kuma wani sashe na hasken rana da masana ke kira UVB shi ke sa fatarsa ta samar da bitamin D3, wanda idan babu shi jiki ba ya iya amfani da sinadarin kalsiyam. Gilashin taga yana tare wannan haske. Don haka ƙadangaren da aka girke a bakin taga tamkar yana cikin duhu ne. Jikinsa sai ya koma yana yagar kalsiyam daga ƙasusuwansa. Muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba, ƙafafu su lanƙwashe, yatsu su riƙa karkarwa, ƙashin baya ya karkace. Duk wannan yana faruwa cikin watanni, kuma dabbar ba za ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Ramin ma da aka raba shi da shi ba wurin ɓuya kawai ba ne. Akwai laima a cikinsa. Idan aka shimfiɗa wa damo busasshen yashi a ƙarƙashin fitila, ruwan jikinsa na ƙafewa a hankali, ƙoda ta gaji, gaɓɓai su kumbura. Saɓarsa takan maƙale a yatsu da bakin wutsiya, ta shaƙe jini har yatsan ya bushe ya faɗi.

Na san abin da za a ce mini: Malam, ku da kuke cin damo, kuke rufe ƙoƙon goge da fatar guza, da wane baki za ku yi wa wasu wa'azi? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan wanke mu ba, tunda hannun mutanen yankinmu ne ke tona ramukan, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai maharbin da ya kashe damo ya san kisa ya yi, bai kira shi ƙauna ba. Wanda ya kulle shi a gilashi ya raɗa masa suna, yana ɗaukarsa hoto yana shafa masa kai, shi ne yake kashe shi a hankali yana zaton alheri yake yi. Laifin mai saye jahilci ne, ana iya yi masa uzuri. Mai kantin da ya san dabbar nan za ta kai kusan mita 1, ya kuma sayar da ita tare da akwatin da bai fi na kifin ado ba, shi ba shi da uzuri.

Wanda ya riga ya sayo, abin da ke kansa ke nan: ɗaki guda ko abin da ya yi kusa da shi, ƙasa mai zurfi da laima wadda za a iya tona rami a cikinta, fitilar zafi da ta UVB da ake sauyawa kafin ƙarfinta ya ƙare, ƙwari a maimakon ɓeraye, da likitan dabbobi da ya san masu jan ciki. Ya kuma wanke hannu duk lokacin da ya taɓa shi, domin ƙadangaru na ɗauke da ƙwayar salmonela, mai kwantar da yara ƙanana da zawo da zazzaɓi. In an lissafa kuɗin wannan duka, ya ninka kuɗin damon sau da yawa, kuma mai kanti ya san lissafin tun kafin ya buɗe baki.